Yarinya Ta Faɗi Da Keke, Sai Kuma Yaya?

A wannan mako ina so mu taɓa wata magana wadda da ji za a ce ƙarama ce, alhali kuwa ta isa ta raba yarinya da karatunta. Maganar ita ce tsoron nan da kan kama mutum bayan keke ya kayar da shi.

Duk wadda ta leƙa titi da sassafe a garuruwanmu takan ga 'yan mata cikin kayan makaranta, jaka ɗaure a kariya, suna murza feda gwanin sha'awa. To, amma a gidaje da yawa in kin shiga zaure sai ki tarar da keke jingine da bango, tayoyi sun sace, ƙura ta rufe sirdi, kaji sun mai da shi wurin kwana. In kin tambaya sai a ce, "Ai na wance ne, tun ran da ta faɗi ba ta ƙara bi ta kansa ba." Ciwon gwiwa ya warke tuntuni, amma na zuci yana nan ɗanye. Kuɗin da maigida ya tara ya saya sun tafi a banza, ita kuwa yarinya ta koma tafiyar ƙasa, ko kuma kullum sai an nemo mata kuɗin mota. Ran da babu, ranar ba makaranta ke nan.

Kada wata ta ce, "Don an rasa keke me aka rasa?" A ƙasar Indiya akwai wata jiha da ake kira Bihar, mai yawan jama'a da yawan talakawa. A shekarar 2006 gwamnatin jihar ta soma ba 'yan matan da suka kai aji 9 kuɗin sayen keke. Da masana suka bi diddigin abin, sai suka tarar yawan 'yan matan da ke shiga sakandare a kan kari ya ƙaru da kashi 32 cikin 100, kuma ƙaruwar ta fi yawa a ƙauyukan da ke nesa da makaranta. Watau nisa kaɗai ya isa ya zaunar da yarinya a gida, keke kuwa shi ne maganin nisa ga talaka. Saboda haka bai kamata mu bar faɗuwar rana ɗaya ta ƙwace mata shi ba.

Daga Ina Tsoron Yake Fitowa?

A makarantar horon malamai an koya mana kaɗan daga aikin ƙwaƙwalwa, kuma sashen da ya shafi wannan magana ba shi da wuyar ganewa. A can cikin ƙwaƙwalwar kowa akwai wasu 'yan curi guda biyu, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, kowanne bai fi girman ƙwallon dabino ba. Likitoci suna kiransu amigidala. Aikinsu aikin maigadi ne. Da sun hangi hatsari sai su aika wa jiki saƙo, nan da nan wani sinadari mai suna adirenalin ya kwararo cikin jini daga saman ƙoda. Sai zuciya ta shiga bugawa da sauri, numfashi ya yi sama, tafin hannu ya jiƙe da gumi, miyau ya ƙafe, gwiwoyi su soma rawa. Duk wannan shiri ne jiki yake yi don mutum ya tsere wa abin da zai cuce shi.

Shi wannan maigadi ba ya saurin mantuwa. Ran da yarinya ta faɗi yakan riƙe kome da kome: kwanar da abin ya faru, da ƙarar odar mota, da yadda ƙafar gaba ta zame cikin rairayi. Bayan nan ko kusa da keke ta tsaya sai ya buga mata ƙararrawa, ko da kuwa babu wani hatsari. Hausawa sun san wannan tun kafin likitoci su sa masa suna, shi ya sa suka ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Don haka yarinyar da ke rawar jiki a gaban keke ba ragwanta take yi ba, ba kuma shagwaɓa ba ce.

Ga inda gizo yake saƙar. Duk ran da ta dubi keken, gabanta ya faɗi, ta juya ta tafi da ƙafa, sai ta ji sanyi a ranta. Wannan sanyi shi ke koya wa maigadin nan cewa gudun ne ya cece ta, gobe sai ya ƙara ƙarfin ƙararrawa. Abin kamar susar ƙazuwa ne, daɗi yanzu, gyambo daga baya. Da fari kwanar nan kaɗai take tsoro, sa'an nan titin duka, har ta kai ko yayanta ya ce zai goya ta sai ta ƙi. Tsoro irin wannan gudu ne abincinsa.

Maganinsa kuwa an daɗe da gano shi. A shekarar 1924 wata malama 'yar Amurka, Mary Cover Jones, ta ba da labarin wani yaro ɗan kusan shekara 3 mai suna Peter, wanda in ya ga zomo sai ya fashe da kuka. Ba ta yi masa faɗa ba, ba ta kuma ɗora masa zomon a cinya da ƙarfi ba. Sai ta zaunar da shi ana ba shi abincin da yake so, aka ajiye zomon cikin keji can nesa, inda zai iya ganinsa ba tare da ya daina ci ba. Kullum a ɗan matso da kejin. A ƙarshe yaron nan har shafa zomon yake yi yana wasa da shi. Daga baya wani likita ɗan Afirka ta Kudu, Joseph Wolpe, ya tsara irin wannan hanya domin manya, ya buga littafinsa a kanta a 1958. Har yau da matsowa kaɗan-kaɗan likitoci suke kwance irin wannan tsoro, kuma mu ma za mu iya yin haka a tsakar gida.

Jiki Tukuna

Amma fa kafin a yi zancen sake hawa, sai jiki ya warke. In ƙujewa ce, a wanke ta da ruwa mai tsabta da sabulu har tsakuwa da ƙasa su fita, a rufe da tsumma mai tsabta. Kada a zuba toka, ko ƙasa, ko baƙin mai. Raunin da ya taɓa ƙasa ko tsatsa yana iya jawo cutar sarƙe haƙora, saboda haka a kai yarinya asibiti a tambaya ko tana bukatar allurar rigakafi. In gaɓa ta kumbura, ko ta kasa taka ƙafar, a fara ɗaukar hoto a ga abin da ke ciki kafin kowa ya ja ko ya murɗa.

In kuwa kai ne ya bugu, sai a sa ido ƙwarai kwana ɗaya zuwa biyu. Idan ta suma ko da na ɗan lokaci ne, ko tana ta amai, ko barci yana rinjayarta har tashinta yana wuya, ko ciwon kai yana ƙaruwa, ko maganarta ta rikice, ko jini ko ruwa yana fita ta kunne ko hanci, to, a garzaya asibiti ko da tsakar dare ne. Wadda ta bugu a ka ba ta komawa bisa keke sai likita ya yarda.

Sa'an Nan A Binciki Dalili

Faɗuwar da ba a san dalilinta ba ta fi ban tsoro, domin yarinya tana ganin kowane lokaci abin zai iya sake aukuwa. In an zauna da ita cikin natsuwa aka tambaye ta yadda aka yi, galibi dalilin ba ya wuce ɗaya daga cikin waɗannan. Ko ta shiga rairayin gefen titi da gudu ta karya kan keke, ƙafar gaba ta zame. Ko ta firgita ta damƙe birkin gaba shi kaɗai, keken ya tsaya cik ya wurgo ta. Ko gefen hijabi ko zane ya shiga sarƙa ko wayoyin ƙafar baya. Ko akuya ta gitta. Ko ta goyo ƙanenta ga kuma lodi a kariya. Ko kuwa birkin ne dama ya cinye, ana ta cewa gobe za a gyara.

Kowanne daga cikinsu yana da magani. A kai keken wurin mai gyara, kuma a tafi da ita, ta ga da idonta an sa sabuwar robar birki, an miƙe kan keken, an ɗaure sarƙa, an ba tayoyi iska. Ta gane wane hannu ne na birkin gaba, wane ne na baya, don ba duk kekuna ne iri ɗaya ba, ta kuma koyi matsa su tare a hankali. A sassauto da sirdi yadda in ta zauna ƙafafunta biyu za su taka ƙasa sosai. Hijabin hawa keke kada ya wuce gwiwa, in kuwa dogo ne ta tattare shi ta zauna a kai, da wando a ciki. A sa wa sarƙa marufi in ba ta da shi.

Sai hular kwano. Binciken da aka yi a ƙasashe da yawa ya nuna tana rage hatsarin mummunan rauni a ka da fiye da rabi. Tana zama daidai bisa hijabi, muddin an ɗaure igiyarta a ƙarƙashin haɓa. Wadda ta riga ta sha bugu mai ƙarfi ta gama aikinta, sai a sake wata. Na san kuɗi ne, amma ba su kai na jinya ba.

Hawa Mataki-Mataki

Keken farko a duniya ba shi da feda. Wani Bajamushe, Karl von Drais, ya ƙera shi da katako a 1817, mutum ya zauna a kai ya riƙa tura ƙasa da ƙafafunsa. To, wadda tsoro ya kama sai ta koma can inda keke ya faro, domin da rarrafe yaro kan tashi.

Na farko, ta wanke keken da kanta, ta goge shi, ta riƙa jansa da hannu tana zagaya tsakar gida. Na biyu, ta zauna a sirdi ƙafafu a ƙasa, tana matsa birki tana saki, ba tare da ta motsa ba. Na uku, a sami fili mai tauri wanda ba rairayi ba ababen hawa, kamar filin makaranta da yamma, ta riƙa tura ƙasa da ƙafa tana ɗan ɗage su, tana tsayawa da birki. In ana so, mai gyara ya kwance fedar na 'yan kwanaki. Na huɗu, ta ɗora ƙafa a feda ta yi tafiya miƙe, ta tsaya, ta sake, daga nan ta koyi kwana mai faɗi. Na biyar, ta fita lungun unguwa da sassafe ran da ba makaranta, wani babba yana biye da ita. Na shida, ta je wurin da ta faɗi, da fari tana jan keken, sa'an nan a bisansa. Na bakwai, ta kama hanyar makaranta tare da ƙawa ko yaya.

Ka'idar abin guda biyu ce. Ta ɗaya, kada a tsallake mataki. Ta biyu, kada ta sauka a daidai lokacin da gabanta yake tsananin faɗuwa, don in ta yi haka gudun nan ne ta sake yi. Ta taka ƙasa, ta ja numfashi ta hanci, ta sake shi a hankali, ta jira. Bugun zuciyar nan ba ya ɗorewa, yakan hau ne ya sauko da kansa. Dabarar da nake koya wa ɗalibaina ita ce su auna tsoron da lissafi, daga 1 zuwa 10. In ta soma da 8, ta zauna kan matakin har ya sauko 3 ko 4, ta maimaita shi gobe, sa'an nan ta ci gaba. Minti 15 kowace rana ya fi awa biyu sau ɗaya a mako. Kuma ta riƙa duban inda za ta, kada ta kafa wa ramin da take tsoro ido, domin keke inda ido ya nufa can yake bi.

Na ga amfanin wannan da idona. Ina da wata ɗaliba 'yar shekara 13 wadda hijabinta ya naɗe a ƙafar baya, ta faɗi bakin kwata ta fasa haɓa. Gidansu da nisa, sai ga yarinya mai ƙoƙari ta soma fashi, yau ta zo gobe ba ta zo ba. Na je na gai da mahaifiyarta na kawo zancen. Ta ce, "Malama, ni na haife ta, ni na ga jinin nan. Ba ita ba keke har abada." Na ce, "Inna, gaskiyarki. Amma ki ba ni aron keken da yarinyar na mako uku, a filin makaranta kaɗai, ba za ta taka titi ba sai kin gani kin yarda." Da ƙyar ta amince. Kwana huɗun farko yarinyar nan ba ta ɗaga ƙafa daga ƙasa ba. A mako na biyu ta zagaya filin. A na uku Inna da kanta ta yafa mayafi ta zo ta tsaya gindin darbejiya tana kallo, kuma ita ce ta rage tsawon hijabin da hannunta.

Jan Hankali Ga Iyaye

Mu mata mukan kuskure ta hanya biyu. Wata ta rantse 'yarta ba za ta ƙara hawa ba, ita tsoro 'ya tsoro, an yi haihuwar guzuma, 'ya kwance uwa kwance. Wata kuwa ta hau ta da faɗa, "Ke dai raguwa ce, ƙanenki ma sau nawa ya faɗi?" har ta sa a ɗora ta da ƙarfi a tura. Ta farko ta ciyar da tsoron, ta biyu ta haɗa mata shi da kunya. Abin da yarinya take bukata shi ne a ce mata, "Na san kin tsorata, kowa ma zai tsorata, zo mu gwada kaɗan." A kuma kwaɓi yayye da ƙanne masu yi mata dariya suna kwaikwayon yadda ta faɗi. Maganar da ake yaɗawa wai hawan keke yana hana mace haihuwa, wannan ba ta da tushe, kada ta tsorata kowa.

A 'yan kwanakin farko yarinya tana iya firgita cikin barci, ko ta yi ta mafarkin faɗuwar, ko ta zabura in ta ji ƙarar babur. Wasu sukan ce gamo ta yi, alhali maigadin nan ne bai kwanta ba tukuna, kuma ga yawancin mutane abin yakan lafa da kansa cikin 'yan makonni. Amma in ya wuce wata guda, ba ta barci, ba ta cin abinci sosai, karatu ya ja baya, ko ta ƙi fita ko ƙofar gida, to, a kai ta ga likita. Akwai asibitocin gwamnatin tarayya masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Kaduna, da Kware ta jihar Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano. Zuwa can ba ya nufin hauka, kamar yadda zuwa asibitin ido ba ya nufin makanta.

Gare Ku 'Yan Makaranta

Kada wadda ta faɗi ta ɗauka ita kaɗai ce, ko kuwa rashin iyawa ne. Gwanaye ma suna faɗuwa. A wasannin Olamfik na 2016 a birnin Riyo na ƙasar Barazil, wata 'yar ƙasar Holan mai suna Annemiek van Vleuten tana kan gaba a tseren keke na mata, saura kamar kilomita 10 ta kai, sai ta faɗi a wata kwana bisa gangara. Ta bugu a ka ƙwarai, ƙashin bayanta ya tsage wuri uku. Ta yi jinya, ta koma bisa kekenta. A wasannin Tokiyo da aka yi a 2021 ta ci lambar zinariya, a 2022 kuma ta zama zakarar duniya. Ba tsere nake so ku yi ba, ita tana da likitoci da masu horarwa a bayanta. Abin lura shi ne faɗuwar ba ta zama ƙarshen hawanta ba.

In kun koma titi, ku riƙe hannun dama, don tun 1972 Nijeriya ta bar bin hagu. Ku miƙa hannu ku nuna inda za ku juya, bayan kun waiwaya. Ku rage gudu tun kafin kwana, ku bar wa 'yan acaba da masu A Daidaita Sahu hanya in suna sauri, kada ku kutsa gefen babbar mota, don direbanta ba ya ganinku. In mahaɗar hanya ta cika, ku sauka ku ja keken ku tsallaka, ba abin kunya ba ne. Magariba kuwa ta same ku a gida, in ba keken yana da fitila ba.

Wadda take kan mataki na biyu yau, ƙawarta tana kan na shida, kada ta damu. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Duk wadda ta gwada wannan hanya, uwa ce ko ɗaliba, ina roƙonta ta rubuto wa wannan fili ta gaya mana yadda ta kaya, don wasu su ƙaru.